Shekarar da Muka Saki Langa

Na san abin da ake faɗa a gidan nan idan na ba da baya. Ana cewa Baba ne ya so ya kashe Langa saboda kishi, wai don ta fi dararsa farin jini. Har jikokina sun haddace zancen suna yi mani waƙa da shi. Kunnena ya yi nauyi, amma bai toshe ba. To ga yadda aka yi daga bakin wanda aka yi da shi, don ku 'ya'yana da 'ya'yan Aminu ɗan ƙanena ku daina yawo da rabin labari.

Ƙauyenmu yana can bayan Sabuwa, inda daji ya yi duhu wajen iyakar Kaduna. A bakin kasuwarmu akwai wani durumi, kuma tun ina yaro ban taɓa ganin la'asar ta yi ba tare da an share ƙasa a gindinsa an tona ramukan dara ba. Ramuka talatin, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan da karare wancan da duwatsu. Ka jera uku, ka cire ɗaya daga na abokin karawarka. Mutum biyu ne ke zaune, amma mutum ashirin na tsaye a kansu. Doka biyu ce kawai: wanda aka cinye ya tashi wani ya zauna, kuma ɗan kallo yana da izinin ya yi maka tsiya iyakar iyawarsa, amma ba ya nuna maka ramin da za ka sa. Abokin karawata na shekara da shekaru shi ne Sarkin Noma Jatau. Kakanninsa Maguzawa ne, shi kuma coci yake zuwa, amma idan dara ta yi zafi har yau da aradu yake rantsuwa. Sarkin 'yan tsiya kuwa Lado mahauci ne, wanda bai kai mu shekaru ba, bai kuma taɓa cin kowa a dara ba, amma bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi.

Ba zan tsaya a kan yadda muka bar ƙauyen ba. Kun sani, wasunku a goye aka fito da su. 'Yan bindiga suka watsa mu kamar an jefa dutse cikin kaji. Ni na sauka a Faskari na ci gaba da gyaran rediyo, Jatau ya bi ɗansa zuwa Ƙanƙara, Lado ya kafa tukubarsa a Sheme, wasu Funtua, wasu Zariya. Mun tsira da rai, mun gode Allah. Amma duk la'asar sai in ji jikina yana neman wurin da babu shi.

Wata rana Hafsatu, ɗiyata ta uku, wadda ta karanta ilimin kwamfuta, ta dawo hutu ta same ni a bayan shago na tona ramuka ina dara ni kaɗai, ina ci da hannun dama ina jin haushi da na hagu. Ta tsaya ta daɗe tana kallona.

"Baba, wa ke ci?"

"Ni."

"Wa ake ci?"

"Ni ɗin dai."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce in ba ta wata uku. Ita da Aminu, wanda ya iya zane tun yana ƙarami, suka duƙufa suka haɗa manhajar dara ta intanet, wadda mutum zai buɗe a wayarsa ya kara da wani ko yana Legas. Da suka kawo mani in gwada, na ga allo mai kyau, ga ramuka, ga karare, ga duwatsu, ka taɓa da yatsa su motsa. Na ce masu wannan ba dara ba ce, rabin dara ce. Ina 'yan kallo? Ina layin masu jiran a cinye wani su zauna? Aminu ya ce ai a wasannin waya ba a yin haka, kowa da abokinsa ake haɗa shi nan take, babu jira. Na ce to a namu za a yi. Sai da suka ƙara wata biyu suna gunaguni, suka yi yadda mutum biyu za su zauna, sauran su shigo su gani, kowa kuma yana iya danna wuri ya yi magana kowa ya ji muryarsa. Muka sa mata suna Gindin Durumi.

Ranar da muka fara, ban ci abincin rana ba don zumuɗi. An aika wa Jatau ta wayar ɗansa, an aika wa Lado. Ina idar da sallar la'asar na zauna a kan bencin shago na buɗe waya. Sai na ji murya ta fito daga waya, muryar da na shekara huɗu ban ji ba a kan dara.

"Mai Rediyo, kana nan da ranka ashe. Zuba mu gani."

Ban kai ga zuba ɗa na uku ba Lado ya shigo.

"Jama'a ku taho ku ga ikon Allah. An canza gari, an canza ƙasa, amma Malam Isiyaku bai canza ramin da yake hwara mutuwa ba."

Na yi dariya har hawaye suka jiƙa mani gemu. Kafin magariba mutanen ƙauyenmu sun fi ashirin a ciki, kowa yana kiran sunan kowa, ana tambayar wane yana ina, wance ta haihu, wa ya rasu. A ranar na ji abin da ban ji ba tun da muka fito: na ji ni ɗan wani gari ne.

Daga nan abu ya tashi kamar wutar kaka. Mutanen wasu ƙauyuka da aka tasa suka ji labari, suka nemi a buɗe masu nasu gindin bishiyar. Direbobi a tasha, 'yan tireda, malaman makaranta, har wani soja da ke can gabas. Hafsatu da Aminu suka yi wa kamfani rajista, suka kama ɗaki biyu a Funtua, aka sa ɗan kuɗin wata wanda bai fi na katin waya ƙarami ba. Ni kuma aka ba ni muƙamin da babu shi a takarda: duk rigimar doka, ni ake kira. Na zama mutumin da ake nunawa a kasuwar Sheme ana cewa ga mai darar waya nan. Ba zan ɓoye maku ba, na ji daɗin wannan nuni ƙwarai.

A shekara ta uku Aminu ya zo da Langa. Ya zana samari ƙungiya biyu, kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗaya, ana ture juna, ana kare wanda ake kira ruwa har ya kai wurin sha. Mutum shida da shida, kowa daga wayarsa, wasa ɗaya ba ya wuce minti uku. Ya sa kiɗan kalangu a ciki, idan an kayar da mutum har ƙura ke tashi. Ya kawo gida ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muka zauna a tsakar gida a inuwar ɗakin matata Hajiya. Ya miƙo mani waya. Ni da gwiwata ke ƙara idan na tashi daga tabarma, sai ga ni ina tsalle da ƙafa ɗaya ina kayar da ƙarti. Na yi ihu har akuya ta tsinke igiya.

A nan nake so ku buɗe kunne, don a nan labarin da kuke yawo da shi ya karkace. Ba ni ne na ji tsoron Langa ba. Hafsatu ce.

"Baba, ni abin da ke damuna ɗaya ne," in ji ta. "Kowane wasa da kuɗin watansa. Mutanenmu ba masu hali ba ne. Wanda zai shiga Langa, daga ina zai hito in ba daga Gindin Durumi ba? Kada mu gina sabon ɗaki da tubalin tsoho."

Aminu ya ce sababbin mutane za su zo, yaran birni waɗanda ba su taɓa ganin ramin dara ba. Hajiya, uwarku, tana tankaɗe a gefe, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce taura biyu ba ta taunuwa. Ni kuwa na gyara zama na yi masu huɗuba. Na ce mai dara daban, mai langa daban. Na ce ku kawo mani dattijo ɗaya da zai bar dara ya koma tsalle da ƙafa ɗaya, in ba ku shagona. Na ce dara tuwo ce, langa ƙwalama, ba a taɓa jin gyaɗa ta hana cin tuwo ba. Na yi magana mai daɗi ranar nan, har ni kaina na burge kaina. Da Hafsatu ta ga Babanta da kansa ya tsaya wa abin, ta sakar mana.

Ni na koya wa Aminu dokokin langa na asali, inda ya yi kuskure na gyara. Ni na ɗauki waya na shiga motar Sheme ranar kasuwa, na bi rumfa rumfa ina nuna wa samari. Na tsaya a tukubar Lado na ce ya ajiye wuƙa ya gwada. Ya gwada sau ɗaya, ya kayar da mutum biyu, ya kai ruwa ya sha. Mutumin da bai taɓa cin kowa a dara ba tun da aka haife shi. Ya dube ni idonsa yana ƙyalli.

"Baba Malam, ashe ni ma ana iya yi da ni."

Na tafa mashi. Da hannuna na danna mashi rajista.

Aka saki Langa bayan an gama girbi, lokacin da aljihun mutane ke da ɗan nauyi. Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Unguwa da unguwa suka kafa ƙungiya, 'yan acaɓan Faskari suka ƙalubalanci na Ƙanƙara, mahautan Sheme suka yi wa kansu suna da kirari. Idan ka wuce majalisar samari sai ka ji kalangun Aminu yana tashi daga waya biyar a lokaci ɗaya. Hafsatu ta ɗauki ma'aikata, aka ƙara ɗaki. Duk ƙarshen wata takan zo ta nuna mani yadda abubuwa ke tafiya, ni kuma tambayata ɗaya ce kullum: a cikin masu zama su buga dara, wa ya fita? Ta duba ta ce babu ko ɗaya. Wasu dai sun daina biyan na dara sun koma Langa, amma duk waɗanda ba su cika zama ba ne, masu shigowa su tsaya a gefe.

"To kin gani," na ce mata. "'Yan ɗumama wuri ne. Masu darar gaske suna nan daram."

Na je na gaya wa Hajiya cewa taurarta biyu ta taunu. Ta ce to Allah ya sa haƙoran su kai labari.

Ban lura da wuri ba, saboda daɗin nasara yana toshe kunne fiye da tsufa. Na dai ga layin masu jira yana gajarta, na ce ai gara, mutum ya samu zama da wuri. Na ga Lado ya kwana biyu bai shigo ba, na ce kasuwa ce ta riƙe shi. Sai wata la'asar, ina karawa da Jatau, Allah ya ba ni abin da mai dara ke shekara yana nema. Na haɗa doki, wato jerin da idan ka matsar da ɗa guda ka ci, ka mayar da shi ka sake ci, abokin karawarka yana kallo ba shi da abin yi. Kuma ba doki kawai ba, na ɓoye shi tun daga zubi, na bar mashi 'ya'ya biyu ya ci don ya saki jiki. A ƙauye, da an yi irin wannan, sai an ɗaga ni sama, sai an shekara ana ba da labari. Na danna, na ci, na jingina da bango ina jiran hayaniya.

Shiru. Na duba waya ko sabis ne ya ɗauke, na ga yana nan cike. Na duba wurin 'yan kallo, mutum ɗaya ne, shi ma da alama ya ajiye wayar ya tafi alwala. Na ci na biyu, na ci na uku. Ina jin numfashin Jatau ta cikin waya.

"To, madalla," ya ce. "Sai gobe."

Gobe ba ta zo da shi ba. Jibi ma haka. Kuɗin watansa yana shiga, don ɗansa ne ke biya, saboda haka a wurin Hafsatu Jatau yana nan bai fita ba. Amma mako uku ban ji muryarsa ba. Bayan shi wasu dattawa biyu suka ɗauke ƙafa. Na kira shi ya ce lafiya lau, gona ce. Wace gona, ana tsakiyar rani, mutumin da ba shi da ko taki ɗaya a Ƙanƙara? Ruwa ba ya tsami banza. Na sa babbar riga na shiga mota.

Na same shi a ƙofar gidan hayar ɗansa, a kan kujerar roba, yana kallon titi. Ya rame. Muka gaisa, aka kawo ruwa, aka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ce mashi ko dokin nan ne ya kore shi, in haka ne in ba shi haƙuri.

"Mai Rediyo, sau nawa ka yi mani doki a duniya? Na taɓa gudu?"

"To mi ya hwaru?"

"Kai kana tsammani don darar nike zuwa? Dara ko da jikana sai in yi. Ni ina zuwa in ji Lado ya ce mani tsohon banza da muryar garinmu. In ji yaran nan na gardama a kaina, wannan ya ce Sarkin Noma ya mutu, wancan ya ce da saura. Nan garin ba wanda ya san ni Sarkin Noma ne. Tsoho ne mai zama bakin titi. Can kaɗai nike da suna. Yanzu in na shiga, ni da kai ne kamar masu zaman makoki. Ka ci ni, wa ya gani? In ci ka, in gaya ma wa?"

Kunya ta kama ni, don na tuna bakin da na ce 'yan ɗumama wuri da shi. Na ce mashi ai ba laifin yaran ba ne, kuɗinsu na wasa ɗaya ne, lokacinsu ma ɗaya ne, kuma Langa ta fi daɗi a wurinsu. Ya gyaɗa kai. Har na tashi zan tafi, ya rako ni bakin hanya yana jan ƙafa, sai ya tsaya.

"Wai ni in tambaye ka. A gida, ka taɓa ganin an yi langa da la'asar?"

A mota wannan tambaya ta dinga juya mani. Ban taɓa gani ba. Ba wanda ya taɓa gani. Langa wasan bayan cin tuwo ne, idan wata ya yi fari. La'asar ta dara ce. Samarin da ke tsaye a kanmu suna mana tsiya da la'asar, su ne dai ke kama ƙafa bayan an ci abinci, mu kuma mu zauna a gefe mu rama tsiyar. Ba sarki ne ya yanka wannan doka ba, ba liman ba, amma kakanninmu sun raba wa wasannin nan lokaci tun kafin a haife mu, shi ya sa ɗaya bai taɓa cinye ɗaya ba. Mu muka ɗauko su muka zuba a waya, inda babu rana babu wata, muka bar su suna kokawa a kan mutum ɗaya. Kafin mu kai Sheme na fara yi wa direba bayani, shi bai san hawa ba bai san sauka ba. Zumuɗin da na ji ranar ya fi na ranar da aka kawo mani Langa.

Ban sauka a Faskari ba, na wuce Funtua kai tsaye na shiga ofishinsu da ƙurar hanya a jikina. Na ce abu biyu nake so. Na farko, kuɗin wata ɗaya ya buɗe wa mutum wasa biyun. Na biyu, a rufe Langa kullum daga la'asar zuwa magariba.

Aminu ya ɗauka wasa nake yi. Da ya ga fuskata sai ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi a gabana ba.

"Baba, ka yi haƙuri, amma wannan lokacin shi ne kasuwarmu. An tashi daga aiki, an taso daga makaranta. Yaron da ke Kano ko Legas mi ya haɗa shi da durumi? Ya biya kuɗinshi, ka ce mashi ya jira tsohhin wani ƙauye su gama dara? Wani wasan zai koma, kuma ba zai dawo ba. Shekara biyu na yi ina zana abin nan."

Gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ce tun a lokacin. Na ce mashi ban zo da hujjar kasuwa ba. Na ce Langa ta ci dara, ni na rantse ba za ta ci ba, kuma ni na kai ta har tukubar Lado. Ba masu bugawa ta ɗauke ba, masu kallo ta ɗauke, mu kuma ba mu taɓa ƙidaya su a bakin komai ba. Na gaya masu yadda na sami Jatau. Hafsatu tana ta juya biro a hannu. Ita ce mai kaso mafi girma, maganarta ce za ta zauna. Ta ce in tafi gida.

Kwana tara ba ta kira ni ba. Hajiya ta ce na shiga tsakanin yara da abincinsu, in shirya abin da zan gaya wa ƙanena. A rana ta goma Hafsatu ta kira, muryarta babu daɗi.

"An yi yadda kake so, Baba. Daga gobe. Amma duk wanda ya yi hushi, kai za ka amsa mashi, ba ni ba."

Ga abin da ya ci mana, don kada ku ce na ɓoye. Mutanen birni da yawa sun fita, kamar yadda Aminu ya faɗa, kuma ba su dawo ba. Langa ba ta sake kai inda ta kai a wannan rani ba. An sallami ma'aikata biyu. Aminu ya bar kamfanin ya tafi Kaduna aiki, ya yi Salla biyu bai tako gidan nan ba, kuma ko da ya dawo gaisuwarmu ta daɗe ba ta wuce ta baki ba. Ku 'ya'yansa, babanku bai yi laifi ba. Idan ana maganar kasuwa, shi ne mai gaskiya, har gobe. Ni wani abu na saya da abin da ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma na san da haka.

Abin da ban sani ba shi ne yadda Hafsatu ta shirya ramuwarta. Washegari da la'asar, duk wanda ya buɗe Langa sai ya ga rubutu a allo: Langa ta tafi hutu sai bayan magariba, mai ƙorafi ya sami Malam Isiyaku a Gindin Durumi. Har da wurin dannawa ta sa masu, wanda zai kawo su kaina kai tsaye.

Ina zaune a bencin shago, na zuba 'ya'yana ina jiran ko wani zai zauna, sai waya ta fara ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Suna shigowa goma goma. Mahautan Sheme, 'yan acaɓa, yaran Funtua, wasu ko sunansu ban taɓa ji ba. Kowa yana magana a kan maganar wani. Wani ya ce Baba wannan zalunci ne, wani ya ce yau ne wasansu na ƙarshe da 'yan Ƙanƙara, wani ya ce tsofaffi sun ci zamaninsu suna cin na wasu. Sai muryar Lado ta keto ta tsakiya.

"Ku dakata, ku ba ku san shi ba, ni na san shi. Baba Malam, kai ka sa ni a Langa da hannunka, yau kuma ka kulle ni waje kamar akuyar da ta ci danga. To tunda ka tara mu, ba inda za mu. Nan za mu tsaya mu ga wanda zai yi mana maganinka. Wa zai zauna?"

Wani yaro ya zauna, na cinye shi kafin ya gane gabas. Aka yi mashi ca. Wani ya zauna, shi ma ya tashi. Hayaniya ta ƙaru, don yanzu haushinsu ya sami wurin zuwa, kowa so yake ya ga an kayar da ni. Ina ci ina ba su amsa, zufa tana keto mani, rabon da in ji jinina yana gudu haka tun muna ƙauye. Ashe a can Ƙanƙara ɗan Jatau, wanda shi ma ɗan Langa ne, ya fito da waya a hannu ya ce wa ubansa ga jama'a can sun taru a kan Mai Rediyo suna neman mai kayar da shi.

Ban ga shigowarsa ba. Murya kawai na ji, a hankali, ta ratsa surutun.

"Yara, ku matsa. Ba haka ake kama shi ba."

Lado ya yi wata irin kururuwa, ya shiga jero kirarin Sarkin Noma tun daga kakansa, yaran da ba su taɓa ganin Jatau ba suka ɗauka suna maimaitawa. Masu layi suka janye da kansu suka ba shi wuri. Muka zuba. Na yi iyakar ƙoƙarina, Allah ya sani ban sakar mashi ko ɗa ɗaya ba. Amma mutumin nan ya buga dara ranar kamar wanda aka mayar wa gonarsa. Duk ɗan da ya cire mani sai wuri ya kaure, har lasifikar wayar ta fara kakkaryewa, ni mai gyaran rediyo ina ji ina ƙyale ta. Da ya cire na ƙarshe ya ce aradu ko doki goma na zo da su yau sai ya ɗaure su, sannan ya fashe da dariyar da ta ƙare da tari.

Hajiya ta fito daga cikin gida da muciya a hannu, ta ɗauka faɗa ake yi a ƙofar shago. Ta same ni ni kaɗai a kan benci, waya tana ta ihu a hannuna, ina dariya ina share ido da hannun riga.

"Malam, lahiya? Mi aka yi?"

"An cinye ni."

"An cinye ka kake wannan murna?"

"A gaban jama'a aka cinye ni, Hajiya."